Mutuwar Mai Agogo

Ranar Litinin da hantsi aka yanke shawarar kashe Mai Agogo, a ɗakin taro na gidan talabijin, kuma Marubuciya aka ɗora wa aikin.

Mai Agogo wani tsoho ne a cikin Layin Bayan Tasha, wasan kwaikwayon da gidan ke nunawa duk Lahadi da yamma, shekara tara ke nan. Yana da ɗan shago a bakin layi, da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da bakin da bai bar kowa ba, daga mai shara har ɗan majalisa. Marubuciya ce ta ƙago shi a takarda, amma wanda ya sa shi ya miƙe ya yi tafiya kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta. Shi ya kawo ta gidan tun tana ɗauko wa mutane kwafin rubutu, kuma daga bakinta kowa ya ɗauki Kawu, har Manaja ma Kawu yake ce masa. Shi kuwa Uwata yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Su huɗu ne a taron: ita, da Darakta, da Manaja, da wata Jami'a daga ma'aikatar lafiya. Shekara uku ke nan ma'aikatar ke ɗaukar nauyin shirin, kuma duk zango sai ta aiko da abin da take so a faɗa wa jama'a. An yi rigakafi, an yi wanke hannu, an yi awon ciki. Marubuciya ba ta taɓa jin haushin wannan ba. Ta iya tura saƙo cikin raha yadda uwa ke ɓoye ƙwayar magani a tsakiyar loma, yaro ya haɗiye yana dariya.

Jami'a mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ta buɗe fayil ta ce, "Bana hawan jini ne. Maza ba sa zuwa awo sai an ɗauko su ranga-ranga. Kuma babu namijin da maza ke saurara kamar Mai Agogo. Muna so a yi ta ba shi shawara yana ƙi, har ciwon ya taɓa masa ƙoda ya mutu. Mutane su gani, su tsorata."

"A kashe mana Mai Agogo?" in ji Darakta. "To wa zai kalle mu, fitilu?"

"Ban gama ba. Daga sama an ce bayan ya mutu, ɗansa ya je sabon ɓangaren asibitin nan da aka buɗe. A nuna allon ƙofa sosai, a nuna an karɓe shi cikin minti biyar."

"Minti biyar! Hajiya, ko a wasan kwaikwayo ƙarya tana da iyaka."

Manaja ya harare shi. Ba wanda ya ambaci zaɓen da ya rage wata biyar, ba kuma wanda bai tuna da shi ba. Jami'a ta rufe fayil, ta dubi Marubuciya.

"Allon ƙofa ba nawa ba ne, ni ma kawo mini aka yi. Amma awon nawa ne. Mahaifina a wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi, bai taɓa sanin yana da shi ba."

Marubuciya ta ce za ta rubuta.

A ɗakin canja kaya ta samu Kawu, yana zaune ya miƙe ƙafafu a kan wata kujera, mai kwalliya na shafa masa furfurar da ba ya bukata. Ta lura silifa ne a ƙafarsa maimakon takalmin Mai Agogo, ta ɗauka zafi ne ya dame shi. Ta gaya masa a hankali, tana zagaye-zagaye.

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya yi tari. "Uwata, ke da hannunki? Na goya ki, na saya miki alƙalamin farko, ashe da shi za ki soke ni."

"Kawu, ba ni ba ce."

"Na sani. Rubuta. Shekara tara ina gyara agogon da ba ya tafiya, ai na gaji."

Kwana biyu ta zauna ta rubuta kashi uku. Ta yi Mai Agogo mai taurin kai na gasken gaske. Ma'aikaciyar jinya ta zo layin da na'urar awo, ya kore ta yana cewa shi da ke gyara inji ba inji zai gaya masa lafiyarsa ba. Ya zubar da ƙwayoyi a cikin kwalin tsofaffin batura. Akwai dariya a ciki sosai, ita kanta tana bugawa tana murmushi. A ƙarshe ya mutu a bayan teburinsa, matarsa ta cikin wasa tana kuka tana cewa da ya ji magana.

Ranar Juma'a da safe ta ɗauki rubutun ta nufi gidansa, don ta saba shi ke fara karantawa. Matarsa, wadda take kira Inna, tana shanya a tsakar gida. Suka gaisa, ta ce ina Kawu.

"Ya fita."

"Da sassafen nan? Ai yau babu ɗauka."

Inna ta ci gaba da matse riga, ruwan ya daina ɗiga amma ba ta daina murɗawa ba. Can ta jefa rigar cikin bokiti ta zauna a bakin rijiya.

"Ya rantsar da ni kada in faɗa. To na gaji da riƙewa. Yana asibiti. Talata da Juma'a, wata huɗu ke nan. Wankin ƙoda ake masa, in an samu layi."

Marubuciya ta zauna kusa da ita. Ta tuna silifa. Ta tuna yadda kwanan nan yake roƙon Darakta a bar Mai Agogo ya yi magana a zaune, ana ta tsokanarsa wai tsufa ya zo.

"Inna, me ya sa ba a gaya mana ba?"

"Ya ce in kuka sani za ku fara lallaɓa shi, ku cire shi daga wasan. Ya ce ran da aka fara yi masa sannu a wurin aiki, ran nan ya gama."

Sabon ɓangaren asibitin yana da allo babba mai sheƙi, fentinsa ko ƙura bai sha ba. Daga ciki akwai wani dogon baranda, da benci biyu jere da bango, mutane sun cika su har wasu na zaune a ƙasa a kan kwali. Kawu yana can ƙarshe, ya ja hula ya rufe goshi, ya sa takunkumi don kada a gane shi. Ƙafafunsa sun kumbura sun fi ƙarfin silifar. Da ya hango ta bai yi mamaki ba, ya matsa ya ba ta wuri.

"Innarki ba ta iya riƙe magana ba. Shekara talatin da biyu ina fama."

"Tun yaushe kake nan, Kawu?"

"Tun shida da rabi. Ni ne na tara. Inji huɗu ne a ciki, ɗaya ke aiki. Biyu sun tsaya tun watan da aka buɗe, ɗaya ko daga leda ba a cire shi ba, wai ana jiran wanda ya san haɗa shi. Kowane mutum awa huɗu. Ke ce mai ilimi, yi lissafi."

Ba ta yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito, idanunta sun yi ja don gajiya, ta durƙusa gaban wata tsohuwa tana ba ta haƙuri, ta gyara mata mayafi, ta koma. Kawu ya miƙo hannu.

"Kawo in gani. Na san ba hannu rabbana kika zo ba."

Ta so ta hana shi, amma ya riga ya zare takardun daga jakarta. Ya karanta a nan kan bencin, yana tura tabarau sama. Wurin batura ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. Da ya kai ƙarshe ya daɗe bai ɗago ba.

"Ya yi daɗi," ya ce. "Za a yi dariya. Amma ba zan yi ba."

"Na sani, Kawu. Zan ce musu a fasa. Ba za a sa ka mutu a kyamara ba kana cikin wannan hali."

"A'a, ba ki gane ba. Mutuwar ina so. Gara in kashe shi da kaina da a wayi gari a ce ya yi tafiya ƙauye, ko a kawo wani ya sa gilashina. Abin da na ƙi shi ne ki kashe shi wawa." Ya nuna bencin da haɓa. "Dubi waɗannan. Duk suna kallon mu ran Lahadi. Wancan mai jar hular malamin makaranta ne, daga garin da ke da nisan awa uku yake zuwa. Za ki sa Mai Agogo ya gaya musu duk wanda ya mutu taurin kansa ne ya kashe shi? Su da suke nan tun asuba?"

"Amma kai ma ai ba ka je awo da wuri ba."

Ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Shekara biyu kaina na sarawa ina shan na ciwon kai. Ba don na raina likita ba. Tsoro nake ji, Uwata. Ina tsoron a gaya mini abin da zai zaunar da ni, yara ba su gama makaranta ba. Wannan ki rubuta. Mai tsoro zai gane kansa ya tashi ya je. Wawa kuwa ba wanda zai ce shi ne, kowa maƙwabcinsa zai nuna."

Ranar ba a kai kansa ba. Ƙarfe uku aka ce na biyar zuwa sama su dawo gobe. Ita ta riƙe masa hannu har bakin titi.

Ta sake rubutun daga farko. Ta bar wurin batura, don ta san in babu dariya ba wanda zai zauna har a kai ga kuka. Amma yanzu bayan ya kori ma'aikaciyar jinya, ana ganin sa shi kaɗai a shago, ya ɗora yatsa biyu a wuyan hannunsa yana duban agogo yana ƙirga bugun, sai ya ji motsi ya yi sauri ya sauke. Daga baya ya je asibitin da ƙafarsa, a makare. Kashi na ƙarshe kusan duka a kan benci yake.

Manaja ya karanta a tsaye, ya ajiye kamar takardar ta ƙone shi.

"Kina so a rufe mu? Ma'aikata ta ba mu aiki mu nuna asibiti, ke kin rubuta inji uku sun mutu. Mutum arba'in ke cin abinci a shirin nan."

"Ranka ya daɗe, ba ni na kashe injin ba."

"Ba ke za ki gyara shi ba kuma. Mu masu nishaɗi ne, ba 'yan jarida ba."

"In masu nishaɗi ne mu, me ya kawo allon ƙofa cikin nishaɗin?"

Darakta ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Jami'a kuwa ta ɗauki rubutun. Tana karantawa shafi bayan shafi, da jan biro a hannu. Da ta gama ta ce a ba su wuri, mazan suka fita.

"A ina kika ga wannan bencin?"

Marubuciya ta gaya mata, ba ta ɓoye sunan wanda ke zaune a kai ba. Jami'a ta cire tabarau ta murza idanu.

"Na rubuta takarda a kan injinan nan sau uku. An ce in bari sai bayan zaɓe." Ta jawo rubutun. "Saurara. Wannan layin da ma'aikaciyar jinya ke cewa inji uku sun lalace, ba zai wuce ba. In na bar shi, shirin gaba ɗaya za a tsayar, ba wanda zai ga ko minti ɗaya, kuma ba namijin da zai je awo. Wannan na malamin makaranta da ke zagin masu yanke ƙyallen buɗe asibiti, shi ma ya fita. Allon ƙofa kuma dole a nuna."

"To me ya rage?"

"Bencin. Ba a ce mini kada mutum ya zauna ba."

Marubuciya ta dubi jan layi biyu da aka ja a kan maganganun da ta fi so. Ranta ya ɓaci, har ta ji kamar ta kwashe takardunta ta fita. Amma ta san matar nan tana sa wuyanta ne a wurin da ba wanda ya tilasta mata.

"Ɗan kuma zai je awo a ƙarshe," in ji Jami'a. "Ba don su ba. Don ni."

"Zai je. Amma ba minti biyar ba."

"Ki ba shi awa ɗaya."

A barandar bayan gidan talabijin aka yi ɗaukar, aka jera benci, aka zuba 'yan wasa. Zuwa lokacin kowa ya sani, amma Darakta ya gargaɗi jama'a cewa duk wanda ya yi wa Kawu sannu zai kore shi daga wurin. Don haka aka yi ta tsokanarsa kamar kullum, mai ɗaukar sauti har yana ce masa ya rage nishi yana ɓata masa aiki. Sai in mutum ya juya baya ake ganin yana share ido.

A rubuce, Mai Agogo na zaune, ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau ma ba za a kai kanka ba." Shi kuma ya ce, "Ba komai, 'yata," ya tashi. Iyakar abin ke nan, tunda an cire dalilin.

Da aka kunna kyamara, yarinyar ta faɗi nata. Kawu bai tashi ba. Ya ɗago ya dube ta, ya leƙa ƙofar da ta fito, ya dubi mutanen da ke gabansa a layi ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi yana ƙirga su. Sannan ya ce, a hankali, da muryar nan ta Mai Agogo da ta saba ba mutane dariya:

"'Yata, ni mai gyara ne. In akwai abin da ya tsaya a ciki, ku ba ni in duba."

Babu wannan a takardar yarinyar. Idanunta suka ciko, ta girgiza kai kawai. Ya ce, "To, ba komai," ya dafa bango ya miƙe, ya bi barandar a hankali yana jan silifa. Darakta ya bar kyamara na tafiya har Kawu ya ɓace a kwana, sannan ya ce a tsaya.

Manaja ya ce a yanke maganar da Kawu ya ƙara. Jami'a ta kalla sau biyu a ɗakin tacewa, ta ce ita ba ta ji an ambaci inji ba, ta sa hannu.

Ranar da aka nuna, Marubuciya tana gidan Kawu. An fito da talabijin falo, 'ya'yansa da maƙwabta sun cika ɗakin, shi yana kishingiɗe a doguwar kujera an tara masa matashi a ƙarƙashin ƙafa. An yi dariya wurin batura. Wurin benci ɗakin ya yi tsit. Da aka nuna shagon a rufe, ɗan Mai Agogo na tsaye a gabansa, Inna ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

"Na ɗan yi sauri wurin tashi," in ji Kawu. "Da na ƙara jinkiri kaɗan."

A makon nan layin awon jini ya kai har waje a ƙananan asibitoci, maza ne yawanci, wasu suna cewa Mai Agogo ne ya turo su. A makon nan kuma mutane suka yi ta kiran gidajen rediyo suna tambaya me ya tsaya a ciki. Ma'aikata ta fitar da sanarwa tana yaba wa kanta a kan layin awo, ba ta ce komai a kan tambayar ba. Bayan kwana goma aka ɗauke Jami'a daga kan shirin aka mayar da ita ɗakin ajiye fayiloli. Aka kuma aiko wa Manaja cewa daga yanzu kwamitin mutum biyar zai riƙa duba kowane shafi kafin a ɗauka. An kawo wanda ya haɗa injin da ke cikin leda. Sauran biyun suna nan yadda suke.

Kawu ya samu layi sau biyu a mako har wata biyu. Jikin ya riga ya yi nisa. Ya rasu wata Laraba da azahar, a gida, Inna na gefensa.

Mutanen da suka zo gaisuwa sun fi ƙarfin layin. Da yawa ba su san sunansa ba, sai dai su ce sun zo ta'aziyyar Mai Agogo. A rana ta uku Marubuciya ta hango Jami'a a bakin ƙofa, ta rasa wurin zama, tana riƙe da takalmanta a hannu. Ta je ta kawo ta kusa da Inna.

"Inna, wannan ce ta ma'aikata."

Inna ta dube ta da kyau. "Ke ce kika ce a kashe shi?"

"Ni ce, Inna. Ki yafe mini, ban san ba shi da lafiya ba."

"Zauna, 'yata. Ya ce in kin zo in gaya miki kin iya zaɓen wanda za a kashe." Ta ɗan murmusa, ta goge ido da bakin mayafi. "Ya ji daɗin aikin nan. Wata biyun nan kullum sai ya sa yara sun kunna masa, yana ta kushe kansa."

Da Jami'a ta tashi tafiya, Marubuciya ta raka ta bakin titi. Suka tsaya jiran mota, rana na dukan su.

"Na jawo miki," in ji Marubuciya.

"Ɗakin fayil akwai fanka, ba kamar ofishina na da ba. Ke fa, za ki ci gaba? Na ji kwamiti sun aiko da sabon jigo."

"Sun aiko. Haɗin kai da zaman lafiya lokacin zaɓe. Sun ce kada kowa ya yi faɗa da kowa har kashi shida."

"A Layin Bayan Tasha? To me za a kalla?"

"Shi nake ta tunani tun jiya."

Mota ta tsaya, Jami'a ta shiga. Marubuciya ta koma ciki, don an ce wasu baƙi sun iso daga nesa, kuma babu wanda zai nuna musu inda za su zauna.